Yaron aji ɗaya tsakanin gwamnati da malaman addini: wani labari daga iyakar Italiya da ya tuna min da Maigatari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita barka da aiki, ya iyali, ya fama da jama'a, Allah ya ƙara basira. Ni tsohon malamin firamare ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Maigatari nan jihar Jigawa, shekara 35 nayi ina riƙe da alli kafin nayi ritaya, yanzu sai ɗan noman riɗi da gero. Dan Allah kayi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, da waya nake rubutawa kuma abin ya daɗe yana cina a rai, in da hali ka buga ta gaba ɗaya kar a yanke.

Tun watan Nuwamban 2025 da ministan ilimi na tarayya ya fito yace an soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, wanda gwamnatin da ta wuce ta amince dashi a ƙarshen 2022, wai daga yanzu turanci ne zalla tun daga ƙasa, ake ta kai ruwa rana a rediyo da Facebook. Mu ma a majalisarmu ta bakin masallaci bayan isha'i maganar ta taso, sai wani dattijo da nake ganin girmansa yace min, Malam kai ma ka cika sa wa kanka damuwa, boko ai dama ta turanci ce a bar musu kayansu, Hausa da addini kuma yaro zai samu a makarantar allo da islamiyya, kowa ya tsaya a gonarsa shikenan. Kowa ya gyaɗa kai. Ni kuwa na koma gida barci ya gagare ni, don na san wani wuri a duniya da aka taɓa yin wannan rabon gonar sak, gwamnati ta ɗauki aji malaman addini suka ɗauki harshen gida, kuma na san yadda ta ƙare da yaran.

Yadda akayi na san labarin, akwai wani yaro da na koyar tun yana aji uku, Allah ya ɗaga shi ya samu tallafin karatu ya tafi Italiya karatun aikin gona, can arewa ƙurya cikin duwatsu inda suke noman tuffa. Wata rana ya turo min hoton allon bakin hanya ta WhatsApp, gari ɗaya amma suna biyu, Bozen da Bolzano, yace Malam akwai ma ƙauyukan da zaka ga suna uku. Nace kai ba Italiya kace min ka tafi ba? yace eh Italiya ce amma mutanen nan yawancinsu Jamusanci suke yi a gida, akwai masu Italiyanci, akwai kuma wasu 'yan tsiraru a cikin kwazazzabai masu wani yare wai shi Ladin. Nan take na tuna kasuwar Maigatari ranar alhamis, inda a kara ɗaya zaka ji Hausa da Fulatanci da Manganci da Buzanci da ɗan faransancin mutanen Damagaram. Daga nan na shiga bin tarihin wurin, yana turo min ina karantawa, wata da watanni.

Sunan yankin Kudancin Tirol. Kafin yaƙin duniya na ɗaya ƙasar Ostiriya ce shekaru ɗaruruwa. Da aka ci Ostiriya da yaƙi sai manyan ƙasashe suka zauna a Faransa a 1919 suka ja layi a mashigar dutsen Brenner sukace daga nan zuwa kudu na Italiya ne, ba wanda ya tambayi manoman wurin, kamar dai yadda bature da bafaranshe suka zauna suka ja layi tsakanin Gumel da Damagaram, wa ya wayi gari a Najeriya ƙani a Nijar. A 1920 Italiya ta haɗe wurin a hukumance. Da farko an ɗan bar musu makarantunsu na Jamusanci, sai ga 'yan fasist, mutanen Musolini masu baƙaƙen riguna, su aƙidarsu komai na gwamnati ne, ba wani abu da aka yarda ya tsaya a wajenta, ƙasa ɗaya harshe ɗaya. Abin da ya ɗaure min kai a matsayina na malami shine inda suka fara kai farmaki. A farkon Oktoban 1922, saura 'yan makonni Musolini ya karɓi mulki a Rum, sukayi gangami suka shiga Bozen, kuma wata babbar makarantar firamare ta Jamusanci suka fara mamayewa, suka canza mata suna suka maida ita ta Italiyanci, sannan suka tilasta aka sauke magajin garin. Sun san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A 1923 wani sanata Ettore Tolomei ya karanto tsarin maida yankin na Italiyawa zalla, aka canza sunayen garuruwa da koguna da duwatsu, daga baya aka shiga canza sunayen iyali, har rubutun kan kabari aka hana yi da Jamusanci. Ministan ilimi Giovanni Gentile shi kuma ya kawo doka a watan Oktoban shekarar, cewa da Italiyanci kaɗai za'a koyar, a fara da aji ɗaya bana, baɗi aji biyu, haka haka har ya cinye makarantar duka. Cikin 'yan shekaru makarantu sama da 300 da yara wajen dubu 30 suka tsinci kansu malaminsu baya jin yarensu su basa jin nasa, malaman gida an sallame su ko an tura su can nesa cikin Italiya, an kwaso baƙi an zuba. Malam Edita ban taɓa zuwa Italiya ba amma na san wannan ajin. Na san shirun da aji yake yi in malami yana magana yara basa ganewa, ido a buɗe baki a rufe, kace su maimaita su maimaita da ƙarfi har maƙwabta su ji, ka tambayi ɗaya me kace sai ya sunkuyar da kai.

To ina coci take a duk wannan? Anan gizo yake saƙar. Mutanen Tirol 'yan Katolika ne na gani kasheni, Italiyawan ma Katolika ne, Fafaroma ɗaya suke bi. Kuma shi wannan gyaran na Gentile da ya kashe Jamusanci a aji, shine dai ya wajabta darasin addinin Katolika a duk firamaren Italiya, gicciye ya koma ya rataya a bangon aji, abin da coci ta daɗe tana nema tun da gwamnatocin baya suka ture ta gefe. Kenan manyan coci a Rum an miƙa musu kyauta mai tsoka, limaman cocin ƙauye a Tirol kuma an ƙwace na hannunsu, duk a doka ɗaya. Su limaman ƙauyen 'ya'yan manoman wurin ne, da Jamusanci suke wa'azi, dashi suke koya wa yara addu'a, kuma abin da suka gada shine yaro ya koyi addininsa da harshen da uwarsa take masa magana. Gwamnati tace tunda a ajinta ake darasin addinin to shima ya koma Italiyanci. Limamai suka ƙi. Akayi ta ja-in-ja, wasu an hana su shiga makaranta, daga ƙarshe wajen 1928 suka kwashe darasin daga makarantar gwamnati suka maida shi gidan limami da harabar coci, bayan an tashi daga boko, da Jamusanci. In ka lura wannan ita ce islamiyyarsu, irin tamu ta bayan la'asar. Da safe yaro yana gaban malamin gwamnati ana gaya masa shi ɗan Italiya ne jikan Rumawa, yana ɗaga hannu a ƙarƙashin hoton Musolini, da yamma yana gaban limamin coci ana masa magana da wani harshen daban a kan wata biyayyar daban, kowane ɓangare yana zargin ɗayan da ɓata masa yaro, shi yaron ba wanda ya tambaye shi.

Sai dai izinin da limami ya samu na addini ne kawai, banda karatu da rubutu. Shine wani limami Michael Gamper, wanda shima ɗan jarida ne irinka Malam Edita, ya rubuta a jaridarsa cewa tunda an ƙwace makaranta to kowane gida ya zama makaranta kowane ɗaki ya zama aji. Shi da wani lauya Josef Noldin da wasu malamai suka shirya makarantun ɓoye, har yau ana kiransu makarantun katakom, da sunan ramukan ƙarƙashin birnin Rum na kiristocin farko. A ɗakin girki, a saman bene, a ɗakin ciyawar dabbobi, yara kaɗan kaɗan, littattafai ana shigo dasu a ɓoye ta kan duwatsu daga ƙetaren iyaka. Masu koyarwar yawancinsu 'yan mata ne ƙanana, ba wani albashin kirki, in an kama ki tara ce ko kurkuku ko a kore ki daga gari. Noldin an kama shi an kai shi tsibirin Lipari a 1927, ya dawo da ciwo ya mutu a 1929. Wadda tafi tsaya min a rai ita ce Angela Nikoletti, yarinya ce da tayi karatun malanta, tana tara yaran ƙauyensu a gida tana koya musu, aka gargaɗe ta taƙi bari, a 1927 aka kulle ta kwana 30 aka kuma kore ta daga ƙauyen, ciwon huhu ya ci ƙarfinta ta rasu a 1930 tana da shekara 25. Shekara 25 fa, sa'ar autata. Laifinta duka ta koya wa yara baƙi da wasali da harshen iyayensu.

Ana cikin wannan hali sai ranar 11 ga Fabrairun 1929 Musolini da Kadinal Gasparri, wakilin Fafaroma Pius na 11, suka sa hannu a yarjejeniyar Lateran. Coci ta samu ƙasarta ta Batikan, ta samu diyya lira miliyan 750 a hannu da takardun bashin gwamnati na biliyan ɗaya, Katolika ta tabbata addinin ƙasa, darasin addini ya haura har sakandare. Duk cikin wannan babban ciniki ba'a sa sharaɗin a mayar wa yaran Tirol makarantarsu ba, hasali ma a ciki aka rubuta cewa duk limamin da za'a ba coci ya riƙe sai ɗan ƙasar Italiya kuma sai yana jin Italiyanci. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ba addinin kowa nake taɓawa ba, nayi aiki da malamai kiristoci shekaru lafiya lau, kuma adalci shine a faɗa cewa inuwar coci ce tasa jaridar Gamper taci gaba da fita da Jamusanci, ita ce tasa makarantun horar da limamai sukaci gaba da koyarwa dashi, ba don haka ba da abin yafi muni nesa. Amma lissafin manya na sama daban yake da na limamin ƙauye, kuma ga hujjata. Tun 1926 gwamnati ta kafa ƙungiyar yara ta Balilla, yunifom da fareti da 'yar ƙaramar bindiga, ta rushe 'yan sikawut na coci, sannan a 1931 ta rufe ƙungiyoyin matasan Katolika. Nan fa Fafaroma ya fito da kansa a watan Yuni ya rubuta doguwar wasiƙa duniya ta karanta, yana cewa wannan gwamnatin so take ta mallake yara tun suna ƙanana tana maida kanta abin bauta, akayi zafi sosai har sai watan Satumba aka sasanta. Wato a kan wa zai riƙe matasa an iya ɗaga murya, a kan da wane harshe ɗan manomi zai koyi karatu kuwa sai bin bayan fage da lallami.

Ta gabas, wajen Triyeste da Gorizia inda 'yan Sulobeniya da 'yan Kuroshiya suke, abin yafi haka ɗaci. Makarantunsu wajen 500 aka rufe ko aka juya su Italiyanci. Babban bishop na Gorizia, Sedej, da ya dage sai an koya wa yara addini da yarensu, an matsa masa ya sauka a 1931, na Triyeste Luigi Fogar shi ba ma ɗan Sulobeniya bane amma ya tsaya musu, shima an ɗauke shi daga kujerar a 1936, kuma bishop baya sauka sai Batikan ta yarda. A ƙarshen wannan shekarar 'yan fasist suka tare wani mai koyar da waƙar coci Lojze Bratuz bayan an fito daga ibada, don yasa an rera waƙoƙin kirsimeti da yaren Sulobeniya, suka ɗura masa baƙin mai da fetur, ya mutu a Fabrairun 1937.

Yanzu ga abin da nake so dattijon majalisarmu ya ji. Rabon gonar nan bai ceci yaran ba. Tsara guda, waɗanda suka shiga aji ɗaya daga 1923 har zuwa 1939, da yawansu sun fito basu iya rubuta Jamusanci da kyau ba don 'yan awanni a ɓoye a sati ba zasu zama makaranta ba, Italiyancin ma bai zauna musu ba don da ƙiyayya aka ɗura musu shi, ba tsuntsu ba tarko. Abin da yafi wannan muni kuma, yaron da aka wulaƙanta harshensa a aji da ƙulli a zuciya yake girma, kuma akwai masu jiran irinsa a bakin hanya. Daga 1933 da Hitila ya hau mulki a Jamus 'yan Nazi suka fara kutsawa cikin matasan Tirol har cikin makarantun ɓoyen. A 1939 Hitila da Musolini suka haɗa baki sukace kowa ya zaɓa, ko ka koma Jamus ka bar gonar kakanka, ko ka zauna ka zama ɗan Italiya ba ruwanka da yarenka. Kusan kashi 86 cikin 100 suka zaɓi tafiya, mutum wajen dubu 75 suka tafi da gaske. Gamper da yawancin limaman ƙauye sukace a zauna, sai mutanen da sukayi wa wahala shekaru suka koma suna kiransu maciya amana, shi kuma bishop ɗinsu na garin Brixen ya zaɓi Jamus, coci kanta ta rabe gida ya rabe wa da ƙani basa gaisawa. Mu 'yan arewa ba sai an mana dogon bayani ba a kan abin da yake faruwa in matasa suka yarda cewa makarantar gwamnati abokiyar gabarsu ce, mun gani da idonmu a gabas damu, ba nisa.

Sai bayan yaƙi, da yarjejeniyar Paris ta 1946 da kuma cin gashin kan da aka faɗaɗa a 1972, aka gyara. Yau ɗan Jamusanci da yarensa yake karatu yana koyon Italiyanci a matsayin darasi, ɗan Italiyanci shima haka, kuma ƙasar bata rabe ba.

Kar wani ya juya min magana, ban ce gwamnatinmu fasist bace, ba wanda ya hana mu Hausa a kasuwa ba wanda ya goge sunan Gumel daga allo. Turanci ma muna sonsa, ni da kaina na koyar dashi kuma ina so jikokina su iya shi fiye dani don dashi ake jarrabawa dashi ake neman aiki. Hujjar minista ita ce faɗuwar yara a WAEC da NECO da JAMB, kuma damuwa ce ta gaskiya. Amma ni da na tsaya a gaban allo ina tambaya, yaushe akayi koyarwar da harshen uwan har ta kada yara? Yaron da yake aji ɗaya lokacin da akayi dokar a ƙarshen 2022 ai ko firamare bai gama ba ranar da aka soke ta, balle ya zauna WAEC. Ni ban ga littafin lissafi ko na kimiyya da Hausa ya shigo ƙauyenmu ba, ban ga an ɗebi malamai an horar dasu a kai ba. Abin da muka daɗe muna yi shine malami ya rubuta turanci a allo, shi kansa turancin bai gama zauna masa ba, ya fassara da Hausa a gurguje, yaro ya kwafa kamar zane, ya kai aji shida bai iya karanta wasiƙa da Hausa ba bai iya da turanci ba. Mu da muka shiga firamare a shekarun 1960 da Hausa aka fara mana karatu da rubutu da lissafi, turanci darasi ne, sai da mukayi ƙwari aka juya, kuma bamu zo baya ba. Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ma da ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909 da Hausa ya fara. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada a Ife daga 1970, firamare shekara shida da Yarabanci, yaran basu gaza a turanci ba. Ga maƙwabtanmu Nijar da muke hango fitilunsu da dare, a 2025 suka maida Hausa harshen ƙasa.

Ja-in-ja tsakanin malamin addini da gwamnati kuwa ai ba baƙonmu bane. Su a Tirol rumbu suka maida aji, mu a rumbu aka riƙa ɓoye yara in an zo ɗibar 'yan makaranta don tsoron kar boko ta raba su da addini, har lokacin shirin firamare ga kowa na UPE a 1976 na ga wannan da idona. Yau ɗauki jikata mai shekara bakwai, da asuba allo, ƙarfe takwas boko, la'asar islamiyya, bayan magariba allo kuma. Alaramma hutunsa alhamis da juma'a, hedimasta hutunsa asabar da lahadi, yarinyar nan bata da cikakkiyar rana ɗaya tata a sati, kuma mutanen nan biyu gidajensu ba nisa amma basu taɓa zama sun yi magana a kanta ba. Hedimasta gani yake alaramma ne yake hana yara zuwa da wuri, alaramma gani yake boko ce take cinye musu hadda. In an tuna da tsangaya daga sama, ko a gina mata gini mai fenti ba'a tambayi mai tsangayar me yake buƙata ba, ko a loda almajirai a mota kamar yadda akayi lokacin korona a 2020. In za'ayi taro a kai manyan malaman birni ake kira, a sa hannu a ɗau hoto, malamin ƙauye sai dai yaji a rediyo, kuma duk sanda naji irin wannan taron sai Lateran ta faɗo min a rai. Sannan maganar wai yaro zai samu Hausa a islamiyya, a duba da kyau, islamiyya larabci take koyarwa tana bayani da Hausa a baki, ba aikinta bane ta koya masa rubuta Hausa ko lissafi da ita, ajamin ma da kakanninmu suke rubuta wasiƙa dashi yara nawa ne suka iya yanzu.

Sai wadda tafi min ɗaci, don laifi tudu ne ka taka naka ka hango na wani. A wannan labarin mu Hausawa ba kullum mune mutanen Tirol ba, a nan bakin iyaka sau da yawa mune Italiyawan. Wata shekara ina riƙe da aji biyu aka kawo min wani ɗan Fulani daga ruga, Hausarsa kaɗan ce. Lokacin dokar makaranta ita ce ba banakula, amma gaskiya Hausa kowa yana yi har mu malaman, wanda ake wa dariya shine mai Fulatanci. Na tambaye shi abu ya amsa da Fulatanci, aji ya fashe da dariya, maimakon in tsawata musu sai shi na daka wa tsawa nace yayi magana irin ta mutane. Wallahi haka na faɗa. Bai ƙara sati biyu ba ya daina zuwa. Bayan shekaru na haɗu dashi a kara yana dillancin shanu, ya durƙusa ya gaishe ni ya kira ni malam, yana juya lissafin naira da sefa a kansa ba biro ba takarda, na kasa haɗa ido dashi don na san irin ƙwaƙwalwar da na kora daga aji. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya amma har yau ɗan Fulani a nan, huɗuba Hausa, islamiyya Hausa, boko turanci, shi ko gidan limamin da yaran Tirol suka samu bashi dashi. Masarautar Gumel kanta Mangawa ne suka kafa ta, yau je ka nemi jikokinsu masu jin Manganci kaga nawa zaka samu. Wannan ba minista ne yayi mana ba, mu mukayi da kanmu.

Roƙona ga gwamnatin jiha da 'yan majalisarmu, tunda firamare jiha ma tana da ta cewa a kai, a bar aji ɗaya zuwa uku da harshen da yaro ya taho dashi daga gida, turanci ya zama darasi na kullum a hannun malamin da ya iya shi, a buga littattafan a kawo su har ƙauye, inda ruga take kusa a nemo ɗan Fulani mai NCE a bashi ajin, akwai su suna zaune ba aiki. A zaunar da alaramma da malamin islamiyya da hedimasta da iyaye, har da mata don su suke tashin yaran da asuba, a gindin bishiyar ƙofar mai gari ba a otal ba, su duba awannin yaron nan su raba yadda zai samu barci.

Kai kuma Malam Edita dan Allah ka turo wakilinka. Yazo litinin ko talata, kar yazo alhamis ranar kasuwa ce aji ba kowa. Zan ɗauke shi a babur ɗina daga tasha in kai shi ya zauna a bayan aji ɗaya na awa guda, daga nan mu wuce ruga, ya rubuto muku abin da ya gani.

Nagode, Allah ya bar zumunci.

Naka mai karatu,
tsohon malamin firamare,
daga ƙaramar hukumar Maigatari, jihar Jigawa.